Labarin zuciya: a tambayi fuska, ko wayar hannu, ko mai ita?

Duk wanda ya taɓa raba takardar tambayoyi a kan lafiyar ƙwaƙwalwa ya san inda gizo ke saƙa. Takarda irin PHQ-9, wadda asibitoci ke tantance ciwon damuwa da ita, cewa take yi mutum ya waiwayi makonni biyun da suka wuce ya faɗi sau nawa ransa ya jagule. To, ba a ajiye lissafin rai haka. Wanda albashinsa ya shigo jiya zai ce makonnin sun yi daɗi, wadda ta kwana a kan ɗa mai zazzaɓi za ta ce babu abin da ta gani sai wahala, alhali ƙila kwanakin nasu ba su da wani bambanci. Wannan giɓi ne ya haɗa masana halayyar ɗan'adam da masana kwamfuta aiki, ko za a samu hanyar kama yanayin zuciya tun yana da ɗumi.

Hanyoyin da suka fito suna da yawa: a sa kyamara ta karanta fuska, a ɗaura wa mutum agogo mai auna bugun zuciya, a bar wayarsa ta riƙa tattara bayanan zirga-zirgarsa, a yi nazarin abin da yake rubutawa a kafofin sada zumunta, ko kuma wayar ta riƙa tambayarsa kai tsaye sau da dama a rana. Ɗalibin digiri na biyu ko na uku, da likita, da ma'aikacin ƙungiyar agaji, babu mai kuɗi da lokacin yin duka. Sai an zaɓa. Ra'ayina tun daga nan shi ne hanyar ƙarshe, wadda ta fi kama da tsohon yayi, ita ce ginshiƙi, sauran kuma taimaka mata suke yi. Amma kowacce tana da inda ta yi zarra, kuma gara a san wurin kafin a kashe kuɗi.

Karanta fuska ya fi ɗaukar ido, don haka da shi zan fara. Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska, kamfanonin Turai da Amurka kuwa sun zuba dukiya a kan wannan zance ba tare da sun taɓa jin karin maganar ba. Tushen abin aikin Paul Ekman ne, masanin halayyar ɗan'adam na Amurka. A ƙarshen shekarun 1960 ya kai hotunan fuskoki wurin ƙabilar Fore a Papua New Guinea, ya dawo da hujjar cewa akwai yanayi shida da fuskar ɗan'adam ke nunawa iri ɗaya a ko'ina: farin ciki, baƙin ciki, fushi, tsoro, ƙyama da mamaki. A 1978 shi da Wallace Friesen suka fitar da tsarin da ya rarrabe motsin fuska ɗaya bayan ɗaya, ɗaga gira, matse leɓe, yamutsa hanci, kowanne da lambarsa. Da kwamfuta ta iya gane hoto sai aka ɗora mata aikin. Rosalind Picard ta jami'ar MIT ce ta share fagen a shekarun 1990, a 2009 kuma ita da Rana el Kaliouby, 'yar asalin Masar, suka kafa kamfanin Affectiva.

Hanyar tana da daɗin aiki. Ba ka damun kowa da tambaya, kyamarar kwamfuta ta ishe ka, akwai manhajoji kyauta irin OpenFace, kuma wajen gane cewa gira ta ɗaga ko baki ya buɗe, na'urar ta ƙware. Daga motsin fuska zuwa abin da ke cikin zuciya ne ake samun tangarɗa. A 2019 Lisa Feldman Barrett da abokan aikinta huɗu suka bi diddigin bincike sama da 1,000, suka tarar cewa yawan lokutan da mai fushi ke murtuke fuska bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Sauran lokutan yakan yi shiru, ko kuka, ko ma murmushi. Haka kuma mutum yakan haɗe rai don yana tunani, ko rana ta dalle masa ido, ko ciki na murɗa masa. Da Maria Gendron ta ba 'yan ƙabilar Himba ta Namibiya tarin hotuna su kasa, ba su kasa su kashi shidan Ekman ba. A tsibiran Trobriand na Papua New Guinea kuwa, fuskar da ta zare ido ta buɗe baki, wadda Bature ke kira ta tsoro, su barazana suke gani a cikinta.

Akwai kuma matsalar launin fata. A 2018 Lauren Rhue ta ba manhajojin Face++ da Microsoft hotunan 'yan ƙwallon kwando na gasar NBA ta Amurka guda 400, sai suka riƙa jingina wa baƙaƙen 'yan wasa fushi ko raini fiye da farare, har da waɗanda ke murmushi. A 2022 Microsoft ya sanar da janye wannan aiki daga manhajarsa ta gane fuska. Dokar Tarayyar Turai ta 2024 a kan ƙirƙirarriyar basira ta haramta amfani da irin waɗannan na'urori a wuraren aiki da makarantu, sai fa don dalilin lafiya ko kare rai.

A ƙasar Hausa ma ba sai an je nesa ba. Uwar da ake yabon ɗanta na fari a gabanta za ta kau da kai ta ɗaure fuska, zuciyarta kuwa fes. Saurayi a gaban surukinsa kansa a sunkuye, ido a ƙasa, muryarsa can ciki, kyamara za ta rubuta baƙin ciki alhali ladabi ne. Amarya na kuka ranar kai ta ɗaki, wa zai rantse a kan ma'anar hawayen? Ga murmushin nan da ya fi kuka ciwo, wanda matar da aka yi wa kishiya ke raba wa 'yan biki. Wadda ta sa niƙabi da wanda ya ja amawali kuwa, na'urar ba ta ma da abin dubawa. Ban ga dalilin da zai sa mai bincike a nan ya gina aikinsa a kan karanta fuska ba, sai idan motsin fuskar kansa yake nazari, misali yadda uwa da jariri ke musayar murmushi, ko yadda fuskar mai cutar Parkinson, wadda ke sa karkarwar jiki, ke daskarewa.

Agogon hannu ba ya buƙatar dogon bayani. Yana haska koren haske a fata ya ƙirga bugun zuciya, wasu irin Fitbit Sense na 2020 har gumin fata suke aunawa. Abin da yake iya faɗa shi ne jiki ya tashi ko ya lafa. Wanda ƙungiyarsa ta ci ƙwallo, da wanda ɗan acaɓa ya kusa bankewa, da wanda ya hau bene da buhun shinkafa, duk zuciyarsu dukan uku-uku take yi. Erika Siegel da abokan aikinta sun haɗa bincike 202 a 2018, ba su samu wata alamar jiki da za a ce ta fushi ce kaɗai ko ta tsoro kaɗai ba. Ka ƙara da zafin Sakkwato a watan Afrilu, ka ga abin da ma'aunin gumi zai zama. Wajen ƙiyasta tsawon barci da yawan tafiya yana da amfani, amma kowane mutum sai ka saya masa nasa, kuma sai ya riƙa yi masa caji.

Hanya ta uku ta fi waɗannan biyun ƙwari. Ana sa wa wayar mutum manhaja, da izininsa, ta riƙa lura da inda ya je ta GPS, da motsinsa, da sau nawa ya buɗe wayar, da awannin da ta kwanta ba a taɓa ta ba. A 2013 Andrew Campbell da ɗalibansa a kwalejin Dartmouth ta Amurka suka bi ɗalibai 48 na tsawon makonni 10 ta wannan hanya. Farkon zango ana barci, ana hira, ana motsa jiki. Da jarrabawa ta matso sai duk suka ragu, damuwa ta hau. A 2015 masu bincike a jami'ar Northwestern suka nuna cewa masu alamun ciwon damuwa sun fi zaman gida, wuraren da suke zuwa ba su da yawa, kuma fitarsu ba ta da tsayayyen lokaci. Jukka-Pekka Onnela na Harvard da likita John Torous suna cikin waɗanda suka yi wa fagen tsari, kuma manhajojin Beiwe da mindLAMP da suka fito daga wurinsu a buɗe suke ga masu bincike.

Kyawunta shi ne ba ta gajiyar da kowa, kuma ba ta mantuwa. Idan mai jinya da likita ya sani ya daina fita kwana biyar, barcinsa ya birkice, wayar za ta nuna kafin ranar da zai koma asibiti. Wajen kwatanta mutum da kansa na makon jiya ta yi fice. Wajen kwatanta shi da wasu kuwa sai ta yi rauni, domin yawancin binciken farko a kan mutane 'yan ƙalilan aka yi, galibi ɗaliban jami'o'in Amurka. Kamfanin Mindstrong ya yi iƙirarin gane halin ƙwaƙwalwa daga yadda yatsa ke latsa waya, ya jawo Thomas Insel, tsohon shugaban cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta Amurka, ya tara sama da dala miliyan 100, amma a 2023 ya rufe ba tare da ya gamsar da masana ba.

Yanzu a ɗauko wannan ma'auni a kawo shi cikin birnin Zariya. Matar da ke cikin kulle, tana sana'ar ƙosai yara na kai mata talla, maƙwabta na shigowa hira har dare, GPS zai ce mako guda ba ta motsa ba, lissafin Northwestern ya sa ta a layin marasa lafiya. Azumi ya kama, gari ya koma raya dare, ana tashi sahur, a goman ƙarshe ana tahajjud, manhaja za ta ga barcin unguwa guda ya lalace a lokacin da mutane da yawa suka fi jin natsuwa. Wayar da ta wuni a rumfar mai caji za ta ba da labarin mutumin da ya zauna wuri ɗaya awa shida bai ce uffan ba, shi kuwa yana kasuwa yana ciniki. Waya ɗaya a gida, miji ya fita da ita da safe, uwargida ta kira 'yan'uwa da yamma, yaro ya yi wasa da ita da dare, halin wa aka auna? Bayan haka wayoyin Android da yawa suna kashe manhajar da ke aiki a ɓoye don tattalin batir, sai ka buɗe bayananka ka tarar da ramuka. Duk wannan ana iya gyara shi, amma sai mai binciken ya san garin, ya kuma tambayi masu wayoyin, wato an koma ga tambaya ke nan.

Batun sirri a nan ba wasa ba ne. Wani bincike na 2013 da Yves-Alexandre de Montjoye ya jagoranta a kan bayanan wayar mutum miliyan 1.5 ya nuna cewa sanin wurare huɗu da lokutansu ya isa a gane kashi 95 cikin 100 na mutanen, ko da an goge sunayensu. Taswirar mako guda za ta nuna gidan mutum, da masallacinsa, da asibitin da yake zuwa a ɓoye, da gidan da yake neman aure uwargida ba ta sani ba.

Nazarin rubutu ya fi kowace hanya yawan jama'a da araha. A 2011 Scott Golder da Michael Macy na jami'ar Cornell suka duba saƙonnin Twitter miliyan 509 daga ƙasashe 84, suka ga mutane suna tashi da walwala, tana raguwa da rana, ta sake ɗagowa da dare. A 2018 Johannes Eichstaedt da abokan aikinsa suka haɗa rubutun Facebook na majinyata 683 da takardunsu na asibiti, suka nuna kalmomin kaɗaici da yawan ambaton kai suna bayyana watanni kafin likita ya rubuta ciwon damuwa. Sai dai a 2024 wani bincike daga jami'ar Pennsylvania ya gano cewa waɗannan alamu a kan fararen Amurkawa suke aiki, a kan baƙaƙe kuwa da ƙyar suke nuna wani abu. Ƙasa ɗaya ke nan, harshe ɗaya. Ina ga an tsallako zuwa Hausa?

A nan akwai abin alfahari, domin namu sun fara aza tubali. A 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad da abokan aikinsa suka fitar da NaijaSenti, saƙonnin Twitter kusan 30,000 a kowane ɗaya daga cikin Hausa, Ibo, Yarbanci da Turancin buroka, waɗanda mutane suka zauna suka tantance da hannu: wannan yabo ne, wannan suka, wannan ba ruwansa. A 2023 aikin ya faɗaɗa zuwa AfriSenti mai harsunan Afirka 14. Wanda zai yi nazarin rubutun Hausa daga nan zai fara. Amma ya sani cewa ra'ayi waɗannan suke aunawa. Wanda ya zazzaga wa gwamnati masifa kan cire tallafin mai a 2023 ƙila ya ajiye wayar ya ci tuwonsa ya yi barci mai daɗi. Ga gatse da habaici: "lallai kun kyauta" kalmomin yabo ne zalla, amma kowa ya san inda aka dosa. Wanda aka yi wa rasuwa zai rubuta godiya ga Allah da addu'a, na'ura ta ƙirga masa farin ciki. Ga rubutu ba ƙugiya, ga ingausa. Masu rubutu a fili kuma galibi matasan birni ne masu boko. Ainihin kukan zuci a saƙon murya na WhatsApp yake tafiya, inda mai bincike ba ya da hanyar shiga, bai kuma kamata ya shiga ba. Tun 2023 ma Twitter ya rufe ƙofar kwasar bayanai kyauta. Wannan fage yana da tabon da ba a manta ba: a Janairun 2012 Facebook ya sauya abin da mutum 689,003 ke gani na mako guda don ya gwada ko yanayin rai yana yaɗuwa, ba tare da ya sanar da su ba, da sakamakon ya fito a 2014 kuwa aka yi ta Allah wadai.

Saura tambaya kai tsaye. Mihaly Csikszentmihalyi da Reed Larson suka fara ta a jami'ar Chicago a shekarun 1970, da 'yar na'ura mai ƙara irin ta likitoci: duk sa'ad da ta yi kuka, mutum ya ciro takarda ya rubuta inda yake, abin da yake yi, da yadda yake ji. Takardar ce ta zama matsala. A 2002 Arthur Stone ya ba masu fama da ciwo mai naci littafin cikewa, aka ɓoye wata na'ura a bangonsa mai lura da lokacin da aka buɗe shi. Sun ce sun cike kashi 90 cikin 100 a kan lokaci, na'urar ta ce kashi 11 ne. Sauran ba a kan lokaci aka cike su ba. Waɗanda aka ba na'urar lantarki mai buga lokaci da kanta sun kai kashi 94. Wayar zamani ta gaji wannan aiki. Da ita Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert na Harvard suka tambayi mutum 2,250 a 2010, suka gano cewa kusan kashi 47 cikin 100 na lokaci hankalin mutum ba ya kan abin da yake yi, kuma a lokacin walwalarsa ta fi ƙasa. Da ita George MacKerron da Susana Mourato a Landan suka tara amsoshi sama da miliyan ɗaya daga mutum fiye da 20,000, suka haɗa da GPS, suka nuna mutane sun fi walwala a fili mai ciyayi ko bakin teku fiye da cikin gine-gine.

Dalilin da ya sa na kira ta ginshiƙi shi ne, duk hanyoyin da na lissafa da ita ake gwada su. Mai manhajar GPS idan ya ce na'urarsa ta gano damuwa, ta yaya ya tabbatar? Ya kwatanta ne da amsar da mutanen suka ba da da bakinsu, ko abin da suka gaya wa likita. Na'urar da ta fi kowacce ƙwarewa iyakarta ta yi hasashen abin da mutum zai faɗa da an tambaye shi.

Ita ma tana da nata aibun, kuma ba ƙanana ba ne. Tana gajiyarwa, waɗanda suka fi shiga ƙunci su ne suka fi yin watsi da ƙarar wayar, sai bayananka su yi kyau fiye da gaskiya. Yawan tambayar mutum yadda yake ji kan sa ya fara lura da abin da a da bai damu da shi ba. A wurinmu kuma akwai "lafiya lau", amsar da ake bayarwa ko a gadon asibiti, domin ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Maganin wannan a tsarin tambayar yake. Maimakon "yaya kake ji", a tambayi abin da ake iya nunawa: ka samu barci jiya? Abinci ya shiga? Tun safe ka yi hira da wani? Akwai abin da ya tsaya maka a rai yanzu? A gwada kalmomin da mutane goma ko ashirin na garin kafin a fara, domin Hausar ofis daban, ta tsakar gida daban. Ga wanda ba ya karatun boko a yi amfani da murya, ya saurara ya danna lamba, wannan ko ƙaramar waya mai maɓalli za ta iya. Kada wayar ta yi ƙara lokacin salla ko bayan isha'i, kuma idan matan aure ne a zauna da mazajensu tun farko, don wayar da ke kuka sau biyar a rana daga baƙuwar lamba tana iya haɗa faɗa. Wani gwaji a jami'ar Leuven ta Beljiyam ya nuna cewa tsawon tambayoyin ne ya fi gundurar mutane, ba yawan zuwansu ba, don haka gara gajeru sau biyar da dogaye sau biyu. A kuma biya su kuɗin kati da na caji.

To, wa zai ɗauki wacce? Ɗalibar da ke son sanin yadda masu jego ke ji a kwana arba'in na farko, tambaya ta waya ta ishe ta, da hira ido da ido a farko da ƙarshe. Likitan da ke bin majinyata 'yan kaɗan da ya sani, yana tsoron ciwo ya dawo musu, shi ne zai fi cin moriyar haɗa tambaya da bayanan motsi da barci, muddin kowa da wayarsa. Mai son sanin yadda jama'a suka karɓi wata doka ko wani tashin hankali, ya nufi rubutun kafofin sada zumunta, amma ya kira abin da ya auna da sunansa, ra'ayin masu rubutu, kada ya ce lafiyar zukatan Arewa. Agogo sai idan barci ko motsa jiki ne kan gaba a bincikenka kuma akwai mai ɗaukar nauyi. Wanda kuwa ya zo wa makaranta ko ma'aikata da kyamarar da za ta gane ɗalibi mai damuwa ko ma'aikaci mai fushi, a tambaye shi a kan fuskokin su wa aka horar da ita, a kuma tuna masa cewa a Turai ba zai iya sayar da ita a irin wannan wuri ba.

Kowacce aka zaɓa, akwai abu biyu da sai an gama su kafin a taɓa wayar kowa. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, ga kuma kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a ko asibiti. Takardar izini a karanta wa mutum da Hausa, a gaya masa ƙarara idan wayar za ta san inda yake kwana. Na biyu, a shirya abin da za a yi idan wani ya amsa da ƙarfe biyun dare cewa ya gaji da rayuwa. A 2014 ƙungiyar Samaritans ta Ingila, mai taimakon masu tunanin kashe kansu, ta fitar da manhajar da ke sanar da mutum idan wanda yake bi a Twitter ya rubuta kalaman yanke ƙauna. Cikin 'yan kwanaki aka dakatar da ita, domin ba a nemi izinin masu rubutun ba, kuma maƙiyi ma zai iya samun sanarwar. Mai bincike a Kano ya daidaita da sashen ƙwaƙwalwa na asibitin Malam Aminu Kano ko na Dawanau, na Kaduna da asibitin Barnawa, na Sakkwato da na Kware, ya san sunan ma'aikacin da zai kira da awannin da ake samunsa, ya kuma rubuta lambar a cikin manhajar inda mai amsawa zai gan ta. Idan wannan shiri bai samu ba, a cire tambayar daga jerin har sai ya samu.